Tayoyin Ranar Fahas

Sabitu bai taɓa sha'awar mota ba. Mai gyaran mukayyif ne, na'urar nan mai sanyaya ɗaki, kuma motar kamfani ce ke ɗaukarsa daga unguwar Shisha da safe ta dawo da shi da yamma. Ya daɗe a Makka yana wannan aiki, ƙafa da tasi sun ishe shi. Uwarsa ce ta jefa shi neman mota, ita ma ba da bakinta ta ce ya nema ba.

Inna Ɗaso ta zo Umra daga Bichi. Tsohuwa ce mai ciwon suga, mai wannan ciwo kuwa fitsari ba ya ba shi lokaci. A cikin bas ɗin da ta kwaso su daga Jidda abin ya matsa mata. Ta yi wa direba magana da Hausa, bai ji ba. Jagoran ayari ya ce ta yi haƙuri, an kusa. Ba a kusa ba. Abin da take gudu ya faru a kan kujera, cikin fararen kayanta, kafaɗa da kafaɗa da matar wani ɗan garinsu. Matar ta ɗan janye zanenta. Wannan janyewar ce ta zauna wa Inna a rai.

Da ranar tafiya Madina ta zo, ayari ya hau bas ya wuce, ita ta zauna a ɗakin ɗanta ta ce gwiwa ke damunta.

"Inna, in ɗauko miki tasi, ke kaɗai a ciki."

"In ce wa ƙaton wani ya tsaya in yi me? Bar shi, ɗan nan. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, gaisuwa na isa gare shi daga ko'ina."

Bango take kallo da ta faɗi haka. Sabitu ya san a ƙasan jakarta akwai zane sabo fil da ta ajiye tun kafin ya yi aure, ta ce sai a Madina za ta ɗaura. Ya san ranar komawarta gida na matsowa, kuma mai shekarunta ba ta zuwa sau biyu. Jirgin ƙasan Makka zuwa Madina da ake ta magana, ginshiƙansa kawai ake gani a bakin hanya. Saura abu ɗaya, mota tasa ta kansa, wadda in Inna ta ce tsaya za ta tsaya, ba wanda zai waiwayo ya kalle ta.

Abin da ke hannunsa bai wuce na tsohuwar mota ba. Tsohuwar mota kuma a hanyar Madina, cikin zafin nan mai narkar da kwalta, in ta mace a tsakiyar duwatsu da mai ciwon suga a ciki, gara ma ba a fita ba.

Wani abokin aikinsa ya ce akwai wata mota a unguwar Zahir, ta marigayi Alhaji Mahmudu, matarsa na son sayarwa. Ya je. Matar, Hajiya Ummulkhairi, ba ta daɗe da fita takaba ba. Kakanninta daga ƙasar Hausa suka taso, ta Sudan suka biyo a ƙafa, ita a nan aka haife ta, turaren wuta take haɗawa tana sayarwa daga gida. Ta bayan ƙofa ta yi masa magana.

"Mabuɗin yana wurin ɗana, sai bukra, gobe ke nan. Amma ga tarihinta, tafi da shi ka duba. Alhaji bai taɓa yar da ko ɗaya ba."

Ta miƙo wata leda mai ƙamshin sandal. Motar kuwa tana gefen gida cikin tamfol, an ɗaure da igiya, an danne da duwatsu. Bai ɗaga ba, don ba a ce ya ɗaga ba.

A ƙasar nan, kowace shekara sai an kai mota wurin gwaji. Fahas ake ce masa. Za a hau da ita kan na'ura a duba birki, a haska fitila, a zura wani abu a salansa a auna hayaƙi, wani ya shiga rami ya leƙa ƙarƙashinta, a dubi taya. In ta ci a ba ka takarda, in ta faɗi ka tafi ka gyara ka dawo. Takardun wannan gwaji ne a cikin ledar, tun na farko har na bana.

Da la'asar sakaliya ya hau rufin gidan da yake haya, ya zauna tsakanin tankunan ruwa da kawunan mukayyif masu gunaguni, ya baje su a cinya. Karatunsa na allo ne, Larabcin ofis da yatsa yake binsa. Amma ya san kalma ɗaya, najih, wato ta ci. Ya duba ta farko, najih. Ta biye, najih. Ya yi ta ɗagawa, takarda na tashi daga ruwan ƙasa zuwa fara tas, najih dai. Ba shekarar da aka ce je ka gyara ka dawo. Taya lafiya, fitila lafiya, salansa lafiya. Mutane sun tsufa a shekarun nan, an rushe unguwanni an gina wasu, an sare duwatsu, agogon nan mai kore ya tsiro a kan Harami, ita ko gezau.

Iska mai ɗumi ta taso daga wajen Mina. Ya jingina da tanki ya lumshe ido. Sai ga motar. Fara ce, doguwa, tana tafiya ba ƙara kamar kwalekwale a dam ɗin Watari da sassafe. Tayoyinta baƙaƙe wuluk, ko ƙura ba ta kama su. Inna na baya cikin sabon zane, ta miƙe ƙafa, tana jan carbi. Duwatsu na buɗewa suna ba su hanya suna rufewa a bayansu. Ba ya taɓa sitiyari, ita ta san hanya. Can gaba, inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa, wani abu kore yana ta matsowa bai ƙaraso ba. Ya daɗe a haka. Kiran magariba ne ya fito da shi daga cikin motar, ya tarar takardu biyu sun tashi sun manne a jikin waya. Ya kamo su, ya sauka yana jin kamar ya riga ya saya.

Washegari ɗan Hajiya ya kawo mabuɗi, ya kwance igiya, ya ja tamfol, ya ce yana sauri, ya tafi.

Sabitu ya tsaya.

Fara ce, wannan gaskiya ne. Doguwa ce. Amma tayoyinta huɗu ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, kuma duk sun suɗe kamar tafin hannu. Ta baya ta hagu har zare ya leƙo. Fitilar dama ta yi hazo kamar idon mai yana, ta hagu an liƙe ta da salatif. Ya durƙusa ya leƙa, salansa da waya aka ɗaure ta, ga rami a cikinta da yatsa zai shiga. Ya zaro takardar bana ya sake dubawa. Watanni kaɗan ne da yin ta. Taya lafiya, fitila lafiya, salansa lafiya.

"Hajiya," ya ce da ƙofar, "ko wani ya taɓa motar nan bayan rasuwar Alhaji?"

"Wallahi ba wanda ya taɓa. Yadda ya rufe ta da hannunsa, haka take."

"To ai ta takarda daban, wannan daban."

Ta ce, "Ya waladi, ɗana, ni ma da ka gan ni kafin ya rasu da ba ka gane ni yanzu ba. Tare muka yi takabar nan da ita."

Sabitu mutum ne da ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannu ba, amma sai da maganar ta ɗan shige shi. Ya dubi motar, ta yi tagumi a kan tayoyinta, har ya ji kamar ya yi mata gaisuwa. Ya girgiza kai. Ƙarfe ba ya takaba.

"Zan iya zagayawa da ita?"

"Tafaddal, bismillah. Amma fara kai ta wurin Issoufou mai banshar, bayan masallaci, ya sa mata iska. Aminin Alhaji ne."

Motar ta tashi a murɗawa ta biyu, da ƙara kamar injin niƙa. Ya lallaɓa da ita zuwa banshar, wato shagon faci. Issoufou dattijo ne ɗan Damagaram, siriri, gemunsa fari, hannuwansa baƙaƙe har gwiwa. Tun kafin motar ta shawo kwana ya miƙe tsaye.

"Lahaula. Amarya ce da kanta. Wa ya fito da ke?"

Ya shafa bonet ɗinta, ya juya baya ya share ido da gefen hannu, sannan ya dubi Sabitu. "Saye za ka yi?"

"In na gane ta, Baba. Takarda ta ce yarinya ce, ido ya ce kaka ce."

Issoufou ya yi dariya har ya dafa gini. "Zo ka gani."

A can ƙuryar shago, a kan wata kanta sama da kai, inda rana ba ta kaiwa, akwai abubuwa huɗu naɗe cikin bargo. Ya ja gefe ɗaya. Taya ce a kan wilinta, baƙa wuluk, zanenta zurfi, har 'yan gashin nan na sabuwar taya ba su gama zubewa ba. Ita ce Sabitu ya gani jiya a kan rufi.

"Ga tayoyin da takardarka ke magana," in ji Issoufou.

Ya sa aka kawo shayi, ya ba shi labari. Su abokai ne, shi da Mahmudu da wasu, tun suna da ƙarfi. Da za su sayi motoci sai suka yi shawara kowa ya sayi iri ɗaya, shekara ɗaya, da gangan, don kayan wannan ya shiga wancan. Suka haɗa hannu suka sayi taya huɗu masu kyau, aka ajiye a nan, in sun kwana biyu a sake sababbi. Wanda fitilarsa ta fi haske shi ne mai fitila. Wanda salansarsa ba ta huje ba shi ne mai salansa. Wani madubi, wani abin kashe gobara. Ranar fahas ɗin mutum, a taru a nan tun da safe, a tuɓe wa motarsa tsummokaranta, a sa mata na jama'a, a wanke ta, ya tafi. In ya dawo da najih a tuɓe, a mayar wa kowa nasa, ya sayi shinkafa da rago a ci.

"Kamar dai amarya a gida," in ji shi. "Sarƙar wannan, awarwaron waccan. In an kai ta ɗaki kowa ta karɓi abinta. Mahmudu ya fi kowa son ranar, har turare yake fesa mata. Shi ya sa muke ce mata Amarya."

"Hajiya ta sani?"

"Ina fa. Ita ta ɗauka a wurin fahas ake raba rago."

Sabitu bai yi dariya ba. Ya ajiye kofin shayi. "Ashe duk ƙarya na zauna ina karantawa."

"A'a, kar ka zagi takarda. Duk abin da ta rubuta an gani da ido. Ranar ce dai gajera."

"Baba, uwata zan saka a ciki. Madina."

Issoufou ya daina murmushi. Ya dubi tayoyin da ke ƙarƙashin motar, ya ce, "Da waɗannan? Ko Jumum, nan bayan gari, ba za ka kai ba."

Sabitu ya zauna yana juya ledar a hannu. Haushi yake ji, na kansa ya fi yawa, ƙato da shi ya hau rufi yana mafarki da takarda. Har ya miƙe zai mayar da mota, sai wata tambaya ta tsaya masa.

"Me ba ku taɓa ara mata ba?"

"Na'am?"

"Abin da ba ya kwantuwa da safe a mayar da yamma."

Dattijon ya ja gemu. "Inji nata ne. Giya nata. Ƙashin bayanta, ai ba a aronsa. Birki kuma, Mahmudu ba ya wasa da birki, ya ce fitila ta mutane ce, birki na ransa ne."

Sabitu ya sake baje takardun, wannan karon a kan bonet mai zafi. Ya sa babban yatsa ya danne layin taya, ya danne na fitila, waɗannan na jama'a ne. Ya bi abin da ya rage. Lambar hayaƙi tana hawa kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, ba tsalle, yadda furfura ke shigowa. Birkin dama da na hagu tare suke tafiya tun daga farko har ƙarshe. Mai shiga rami bai taɓa rubuta tsatsa ko walda ba, wato ba ta taɓa yin karo ba, ambaliya ba ta taɓa ɗaukarta ba. Tafiyar da ta yi kowace shekara kuma 'yar kaɗan ce, kusan iri ɗaya.

"Ina yake zuwa da ita?"

"Gida, Harami, kasuwa. Lokacin Hajji ya kai wa baƙinsa abinci Muzdalifa. Halas."

Yanzu ya ga wata mota ta uku, ba ta rufin gida ba, ba ta cikin tamfol ba. Tsohuwa ce mai tsumma a jiki, amma ƙashinta bai karye ba. Abu ɗaya ne takarda ba ta faɗa ba, don ba a gwada shi a wurin fahas: in rana ta take, mukayyif na aiki, tana ɗaukar zafi ko ba ta ɗauka?

Da azahar ya tafi da ita Muzdalifa. Ba lokacin Hajji ba ne. Wanda bai ga wurin nan babu kowa ba, bai san faɗinsa ba. Tituna manya-manya a shimfiɗe ba mai bi, sandunan fitila a jere har iyakar gani, famfuna a bushe, tattabaru kaɗan. Ya yi ta kai da komowa a hankali saboda tayoyin, ya taka birki ta tsaya cak ba ta karkata ba. Sannan ya ajiye ta a tsakiyar rana, ya bar inji na aiki, ya ƙure mukayyif, ya kafa wa allurar zafi ido.

Kwalta na rawa a gabansa kamar ruwa. Sanyi na bugun fuskarsa, ya sa bayan hannu ya ji, sanyi ne na gaskiya, wannan fanninsa ne. Ƙamshin turaren marigayi ya fito daga cikin kujeru. A hankali filin ya fara cika a idonsa. Fararen kaya ta ko'ina, ba ƙara, ba turereniya, suna tafe kamar auduga a iska, suna ratsa motar ta dama da hagu. Wasu sun sunkuya suna tsintar tsakuwa. Wani dattijo da bai taɓa gani ba yana zaune a kujerar gefe da tukunya a cinya, yana kallon allurar tare da shi, kamar masu jiran jinjiri ya yi barci. Allurar ta hau, ta hau, ta zo ƙasa da rabi, ta tsaya. Suka jira ta. Inuwar sandar fitila ta taso daga can ta zo ta kwanta a kan bonet. Allurar ba ta motsa ba. Da ya waiwaya kujerar gefe babu kowa, sai ledar takardu.

Ya saya. Aka je ma'arad, wurin cinikin motoci, aka juya suna. Da aka gama, aljihunsa ya koma kamar tayoyinta, ko na taya ɗaya bai rage ba. Ya san da haka tun kafin ya sa hannu. Lissafinsa na kan kantar Issoufou.

"A'a," in ji Issoufou.

"Baba, kwana kaɗan ne."

"Tayoyin nan ba su taɓa kwana a waje ba. Wurin fahas, su dawo. Wannan ita ce doka tun ranar farko. Mun fi haka yawa, ka sani. Wasu sun rasu, wasu an tafi da su gida lokacin gyaran takardu. Saura ni da Dawuda mai kai ruwa gidaje, kuma fahas ɗinsa ya kusa. In ɗaya ta fashe maka a hanya, da me zai je? Kai kuma ba ɗan jam'iyya ba ne. Ka yi haƙuri, ɗana."

Ba ƙarya a maganarsa, shi ya sa Sabitu bai ja ba. Ya koma Shisha da mota a ƙofar gida wadda ba za ta kai Jumum ba. Inna ta gani a fuskarsa, ta matsa, ya faɗa mata duka.

Ta ce, "Mutumin ɗan ina ne?"

"Damagaram."

Ta yi wani murmushi da bai gani ba tun saukarta. Ta jawo hijabi. "Kai ni."

Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni. Abin da ba za ka iya faɗa wa baƙo ba, za ka faɗa wa abokin wasa a tsakiyar kasuwa, ba shi da ikon fushi.

Issoufou na tsugune gaban bahon ruwa yana danna tiyub yana neman inda take yoyo, sai ya ji murya a kansa.

"Salamu alaikum. Ina bawan nan namu na Damagaram?"

Bai ɗago ba. "Wa alaikumus salam. Wannan Kananci haka, a rufe akwatin kuɗi. Hajiya, me kika kawo sayarwa? Ku da in kun shiga Aljanna sai kun tambayi ina kasuwa."

"Gara mu. Ku ai sai kun tambayi ina ake soya fara."

"Da muka zo ƙofar garinku a kan dawakai, ina kuka shiga?"

"Muna ciki muna ɗinka muku wanduna, don mun ga yadda kuka zo."

Masu jiran faci suka fashe da dariya. Issoufou ya jawo mata kujera, ya goge da hularsa. Ta zauna, ta ɗaga kai ta dubi kanta.

"An ce min ka tara 'yan mata huɗu ka naɗe a bargo. Ba aure, ba unguwa."

"Kulle nake musu. Ba irin na Kano ba ne masu yawo."

"Duk zamansu a Makka, sun taɓa zuwa gai da Manzon Allah?"

"Hajiya, taya ce."

"Kai fa? Yaushe rabonka?"

Ya mayar da tiyub cikin ruwa, 'yan kumfa suka taso a jere.

Inna ta nuna da sandarta. Ta rage murya, amma ba ta ɓoye ba. "Ka ga wannan ta hannunka? Ni ce. Yoyo nake, Issoufou. Ita kana da facin da za ka manna mata, ni babu. Na ji kunya sau ɗaya a cikin bas, a gaban mutanen garinmu, ba zan ƙara ba. Yaron nan ya zubar da duk abin da ya tara don in ce tsaya a tsaya. Ban taɓa faɗa wa namiji wannan magana ba, ko shi. Kai na faɗa wa don kai ba mutum ba ne, Badamagare ne."

Ba wanda ya yi dariya sai shi, ita ma gajera. Ya daɗe yana kallon kumfan. Sannan ya share hannu a riga, ya zaro waya.

"Dawuda? Ya'ani, kana ina? Gobe da safe ka zo da motarka. Fitila da salansa. A'a, ba fahas ba. Amarya za ta Madina." Ya saurara. "To ka kai ruwan a kafaɗa, da can da me kake kaiwa? Wata Bakanuwa ce ta zo ta ƙwace ni da rana tsaka."

Ya kashe, ya juyo kan Sabitu da fuskar da ba wasa. "Ba gudu. In rana ta take, ka nemi inuwa ka tsaya su huce. Duk inda ka sha mai ka zagaya ka taɓa su da hannu. In ka fasa min ɗaya, kai da Dawuda." Ya juya wajen Inna, murya ta sauka. "Ke kuma in kin tsaya a gaban Manzon Allah, ki ce Issoufou mai faci yana gaisuwa. Ki faɗi sunan da kyau, kar ki sayar da shi a hanya."

Da hantsi aka yi wa Amarya shiri. Dawuda ya zo, gajere mai tumbi, yana mita tun daga kwana, yana mita yana kwance fitilun motarsa da hannunsa, bai yarda wani ya taɓa ba. Aka ɗaga ta a jak, aka zare tsofaffin tayoyi aka jingine, aka sauko da na kanta. Aka ɗaura salansa. Aka wanke ta. Hajiya Ummulkhairi ta zo da kasko, karo na farko da ta taka shagon, ta tsaya daga gefe tana kallo.

"Ashe haka kuke yi," ta ce. "Shekara da shekaru ina cewa gwamnati na ba ku rago."

Ta sa garwashi, ta zuba turarenta, ta zagaya cikin motar da shi. Da aka sauke jak aka tayar da inji, ƙarar injin niƙa ta tafi, sai wani gunji mai laushi. Sabitu ya ja da baya ya dube ta. Ita ce. Ta kan rufi ce, ba abin da ya ragu. Ya san ta aro ce, ya san ranar da za ta koma tsummanta, amma ga ta nan tsaye a rana, ana iya taɓa ta.

Washegari bayan asuba suka ɗauki hanya. Inna na baya cikin sabon zane, ta miƙe ƙafa. Gari ya ƙare, duwatsu baƙaƙe suka fara, rana ta fito ta dama ta kwanta a kansu. Motar na tafe kamar ba ta taɓa ƙasa. Sabitu na duban allura, yana duban hanya, yana duban madubi. Ba su yi wani nisa ba ta ce, "Tsaya."

Ya sa sigina, ya gangara gefe, ya tsaya. Ya fito da sauri ya buɗe but zai ɗauko buta da zanen da ya tanada don kare ta.

"Bar su," in ji ta.

"Ba ki matsu ba?"

"A'a. So nake in ga ko za ta tsaya."

Ta buɗe ƙofa, ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ɗaya, ta dafa motar ta miƙe. Wata bas ta wuce su da gudu, cike da fararen kaya, iskarta ta kaɗa mata zane. Ta bi ta da kallo har ta ɓace. Ba kowa a wurin sai su da duwatsu. Ta tsaya iya son ranta. Sabitu ya zagaya ya taɓa tayoyin ɗaya bayan ɗaya, da ɗumi kaɗan, ba zafi.

Sannan ta koma ta zauna, ta gyara zanenta, ta jawo carbi.

"To, mu je," ta ce. "In na ce tsaya, ka tsaya."